Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Layin 'Yan Kifi a Kasuwar Kirkgate

A makon jiya na tsaya a inda guzurina ya ƙare, ga hunturu ya kankama a birnin Lids na arewacin Ingila. To, wata Asabar sanyi ya koro ni cikin Kasuwar Kirkgate. Ba sayayya ta kai ni ba, ɗumi na je nema.

Ta ƙofar titin Vicar Lane na shiga, na tsaya na saki baki kamar baƙauye. Rufin gilashi can sama, ga wasu dodanni na ƙarfe masu fukafukai sun tallafe baranda. A 1904 aka buɗe wannan zauren. Gobarar Disambar 1975 ta lashe mafi yawan kasuwar amma ta bar shi tsaye, shi ya sa in ka nausa ciki sai ka faɗa sababbin zauruka marasa ado, kamar sito.

A layin 'yan kifi wata dattijuwa ta ɗago kai ta ce, "Me za a ba ka, masoyi?" Na waiga, ba kowa a bayana. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige! Ashe haka bakin mutanen yankin yake, har direban bas masoyi yake ce maka.

Na ce ba ni da ko sisi, aiki nake nema. Ta ƙare wa hannuwana kallo, ta girgiza kai, sannan ta miƙo min shebur ta nuna buhunan ƙanƙara. Kafin azahar yatsuna sun daina jin komai. Da ta ga ina hura musu iska, sai ta cusa min kofin shayi mai zafi, ta nuna min da haɓa wani koren agogo na tunawa da wani tsohon ɗan kasuwar. A kasuwar nan, in ji ta, Michael Marks, ɗan gudun hijira da ko Turancin kirki ba ya ji, ya kafa teburinsa a 1884, yana sayar da kaya kwabo-kwabo. Teburin nan ne ya zama Marks & Spencer, babban kamfanin shaguna na Birtaniya. Ni dai a lokacin ba arzikin Marks ne a gabana ba, kofin nake ƙanƙamewa.

Da yamma ta ƙirgo min fam-faman lada, ta naɗe ragowar kifi biyu a takarda ta ɗora a kai. Na ce, "Na gode, Mama." Ta yi dariya har da riƙe ciki.

A bas ɗin komawa gida ba wanda ya yarda ya zauna kusa da ni saboda ƙarni. Abin da ya faru da ɗanta ya dawo ya tarar da ni a bayan teburin kifin, sai mako mai zuwa.