Laraba a shago: ni da aikatau na Turanci

Hazo ya sauko sosai yau. Da na dawo daga masallaci ban koma barci ba, na jawo littafin tsofaffin tambayoyin jarrabawa da na saya a Babbar Kasuwa, na zauna da shi kafin kokon ya iso. WAEC ta masu zaman kansu, wadda muke ce wa GCE, ta matso, kuma Turanci kaɗai ya riƙe ni. Lissafi na samu kiredit tun zaman farko, Hausa da Addini kuwa ba a magana. Sai dai jami'a kiredit biyar take nema, har da Turanci, ba ragi. Ko an haye nan ɗin ma, JAMB na jira da nata: cikin tambayoyi 180, guda 60 na Turanci ne, kowane fanni mutum zai karanta.

Babin yau na aikatau ne, wato kalmar da ke nuna aiki a jimla, da yadda yake sauya kama idan lokaci ya sauya. Na daɗe ina neman dalilin da ya sa wannan wurin yake wahalar da mu, yau dai na ga kamar na kama bakin zaren. Mu a Hausa lokaci yana jikin ɗan wakilin sunan da ke gaba. Na yanka, zan yanka, nakan yanka, yanka ɗin yana nan yadda yake, gaban ne ke motsi. Su kuwa aikatau ɗin kansa suke lanƙwasawa. Da a ce kowanne "ed" za a liƙa masa a wuce, da an huta. Amma "buy" ya koma "bought", "go" ya koma "went" ya sake komawa "gone", shi kuma "cut" ya kafe, jiya da yau duk "cut" ne. Ba ƙa'idar da za ta cece ka a nan, hadda ce kawai.

Na buɗe shago wajen ƙarfe tara. Anko ne a gabana, na biki, ga kaftani biyu da aka yi mini kashedi a kansu. Malamin lesin ɗinmu ya ce kowa ya riƙa faɗin aikin da hannunsa ke yi da Turanci, a bayyane, yadda kunnensa zai ji. To yau na yi ta maza. Na ɗauki almakashi na ce "I am cutting." Da na gama na ce "I have cut it." Na hau keke na ce "I am sewing."

Yarana biyu masu koyon aiki suka kalli juna. Ƙaramin ya danne dariya har kafaɗarsa na rawa, babban ya ce, "Oga, yau kuma Bature muka samu? Mi ya yi zafi?" Mai shagon guga da ke jikinmu ya leƙo, ya ce a yi masa sannu da zuwa daga Ingila. Wannan tsiyar ita ce ta rufe bakin da yawa daga cikinmu. Mutum zai yi shekara shida a sakandare ana koyar da shi da Turanci, ya fito bai taɓa haɗa jimla uku a gaban jama'a ba, don kada a ce ya yi kuskure ko a ce yana iyayi. Na ce musu kunyar marar kunya asara ce, na ci gaba da abina.

Akwai wurin da na tsaya na yi dariya ni kaɗai. Riga a wurinmu mace ce, wando namiji: rigar ta yage, wandon ya yage. Bature ya haɗa su duka ya ce "it". Haka kai da ke da ku, duk ya tattara a "you" ɗaya. A nan dai mun fi su fayyace magana, kuma duk Baturen da ya zo koyon Hausa zai ɗanɗana irin abin da nake ɗanɗana.

Bayan azahar Baba ya zo karɓar babbar rigarsa. Tsohon malamin makaranta ne, ya yi ritaya tun ina firamare, abokin marigayi mahaifina. Ya tarar da ni ina gunaguni a kan keke, ya tsaya a bakin ƙofa yana saurare. Na tashi na durƙusa na gaishe shi, aka kawo masa kujera.

"Ɗana, ka gama rigar?"

"Na gama, Baba."

"To faɗa mini da Turanci."

Na ce "I have finished it." Ya ce da kyau, to yanzu sa jiya a ciki. Na ɗan yi jim, na ce "I finished it yesterday." Ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce nan ne gaɓar. Da zarar ka ambaci lokacin da ya wuce, jiya ko bara ko ƙarfe kaza, "have" ba shi da wurin zama. Idan kuwa abin da ya dame ka shi ne aikin ya kammala, ga riga a hannu yanzu, to "have" ne. Mu "na gama" ɗaya ke ɗauke mana duka biyun, shi ya sa kunnenmu ba ya jin bambancin sai an yi ta maimaitawa.

Daga nan bai bar ni ba. Ya nuna ƙaramin yaron ya ce in yi jimla a kansa: "He has." Ya nuna su biyun: "They have." Ya nuna wata mata da ke wucewa da tallan awara: "She sells." Wannan ɗan "s" ɗin da ake ƙara wa mutum ɗaya, a takarda ina ganinsa sarai, a baki kuwa sai na tuna da shi tukuna. Yaran da ke dariya ɗazu suka yi tsit, don Baba ya juya kansu, babban ma ya kasa fitar da ko jimla ɗaya.

Na nuna masa littafin tambayoyina. Ya jujjuya shi, ya ce ba laifi, amma mai zaɓen A, B, C, D kaɗai kamar wanda ya haddace awo ne bai taɓa taka keke ba. Sai ya shiga labarin Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922, ginin nan na ƙasa da ya zama gidan tarihi. Nan Sardauna ya yi karatu, nan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi, kafin a mayar da makarantar Kaduna a 1938, daga baya Zariya, inda ta zama Barewa. Ya ce abin da aka san makarantar da shi shi ne Turancin baki, ana sa ɗalibi ya tashi ya yi magana a gyara masa lafazi. Duk wanda ya taɓa jin jawabin Ɓalewa a tsohon faifai ya san ba a banza aka yi ba. Kuma su ma 'ya'yan Hausawa ne, da Hausa suka tashi a gidajensu. Ina yawan wucewa ta gaban ginin nan a kan mashin, ban taɓa shiga ba. Na sa a raina zan je da yaran wata Asabar.

Baba ya karɓi rigarsa, na ƙi karɓar kuɗi, ya ajiye a kan teburin yanka ya tafi.

La'asar zuwa magariba aiki ne zalla. An ɗauke wuta, muka koma keken ƙafa da gugar gawayi.

Bayan isha'i na je lesin. Mu takwas ne a zauren, da fitilar caji. An yi sashen lafazi, inda "p" da "f" ke ba mu kunya, Malam ya sa mu yi ta "pan" da "fan" har wani ya ce haƙoransa sun gaji. Sannan ya ba mu aikin gida: wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma kan matsalar ruwa a unguwa, kalmomi kamar 450, daidai da abin da WAEC ke nema. Ya ce zai fi sa ido a kan aikatau, kada mutum ya faro da lokacin da ya wuce ya tsinci kansa a na yanzu a tsakiyar sakin layi.

Da na shigo gida maiɗakina ta tambaye ni me aka koya. Na fara yi mata bayanin "have", ta katse ni ta ce ita tun aji uku ta san wannan, in kawo wasiƙar ta duba mini idan na rubuta. Ankon nan dole ya tafi Daura ranar Juma'a da safe, saura wuyan riguna huɗu ban yi ba, don haka wasiƙar sai gobe da dare.