Godiya ga Duk Wanda Ya Sa Hannu a Gidauniyarmu

Assalamu alaikum. A madadin 'yan uwana da muke gudanar da zaman tallafin juna na waɗanda wani nasu ya kashe kansa, ina miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu a gidauniyar da muka buɗe ranar 10 ga Satumba, ranar da duniya ta keɓe tun 2003 domin faɗakarwa kan wannan musiba. Jiya muka rufe ta, kuma abin da aka tara zai ɗauki nauyin zaman har tsawon shekara guda.

Mun gode wa waɗanda suka ba da kuɗi, da waɗanda suka yaɗa saƙon da sunansu a fili alhali sun san batu ne da mutane ke kau da kai daga gare shi. Akwai wata baiwar Allah da ta turo nata ba suna, sai dai a gurbin bayani ta rubuta: "Don ɗana." Ba mu san ki ba, amma saƙonki ya iso, kuma kujerarki tana nan duk ranar da kika ji za ki iya zuwa.

Wasu sun tambaye ni, da kyakkyawar niyya, dalilin da zai sa a nemi kuɗi domin mutane su zauna su yi magana kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara, kuma kowane ɗaya yana barin iyaye ko mata ko miji ko 'ya'ya cikin wani irin baƙin ciki da ba a cika samun abokin raba shi ba. Masu ta'aziyya suna zuwa, amma baki ya yi musu nauyi. Dangi sukan ɓoye sanadin mutuwar, sunan mamacin ya daina fitowa a hira, shi kuwa mai rashi ya kwana yana sake karanta saƙon ƙarshe da aka turo masa a waya, yana tambayar kansa, "Ta yaya ban lura ba?" Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2016 ya nuna cewa waɗanda suka yi irin wannan rashi sun fi shiga haɗarin yunƙurin kashe kansu fiye da waɗanda nasu ya rasu farat ɗaya ta ciwo. Saboda haka, a ganina, zaman nan kariya ce ga masu rai.

Tsarinsa mai sauƙi ne. Ana jera kujeru a da'ira, ba a tilasta wa kowa magana, ba a bayyana yadda mutuwar ta faru, kuma abin da aka faɗa a ɗakin yana tsayawa a ɗakin. Wani uba ya yi makonni yana zama kusa da ƙofa, makullinsa a hannu, ba ya cewa uffan. Ranar da ya buɗe baki, sunan 'yarsa kawai ya ambata, babu wanda ya katse shi ko ya hanzarta ce masa ya yi haƙuri.

Kaso mafi girma na kuɗinku zai tafi wajen horar da masu jagorantar zaman, domin yin rashi kaɗai ba ya koya wa mutum sauraro, ba ya kuma koya masa gane wanda ya fara zamewa har yake buƙatar likitan ƙwaƙwalwa cikin gaggawa. Mu ba likitoci ba ne, aikinmu a nan shi ne mu gane, mu kai shi inda ya dace. Sauran zai biya hayar ɗaki, da zama ta intanet ga na nesa, da ƙwararren da zai riƙa duba lafiyar jagororin su kansu, tun da su ma nasu mikin bai gama warkewa ba.

Za mu riƙa fitar da bayanin yadda aka kashe kuɗin duk bayan wata uku. Allah ya saka muku da alheri, ya kuma tsare ku da iyalanku.