Guntun Farin Dutse

Yau magina sun gama shimfiɗa mabul a masallacin ƙauyenmu, nan gefen Ringim. Na tsinci wani guntu, na riƙe, sai na ji sanyi duk da zafin azahar. Ɗan yayana ya ce, "Baffa, da irinsa ake sassaƙa," ya nuna min a waya kyamarar tsaro da wani mai fasaha, Ai Weiwei na ƙasar Sin, ya sassaƙa da mabul a 2010. Kyamarar da ba ta gani, amma an zaɓa mata dutsen da ake gina fadar sarakuna da shi. Na daɗe ina kallo.

Sai marigayi Baba ya faɗo mini, mai sassaƙa turmi. Da ya ga dutsen nan, na san sai ya gwada gizagonsa.