Faifan da kwamfuta ke gani amma ya ƙi buɗuwa

Ina shekara ta biyu da fara aikin kula da kwamfutoci a ofis, wata abokiyar aikinmu ta zo ta ajiye min faifan ajiyarta a kan tebur, irin ƙaramin had disk ɗin nan da ake jonawa ta USB. Ta ce, "Malam, don Allah duba min wannan. Kwamfuta na ganinsa, har ƙarar nan tana yi in na saka shi, amma da na danna sai ta tsaya cak, can kuma ta ce wai fayil ya lalace ba ya karantuwa." Aikinta na shekara huɗu yana ciki, ga hotunan da ba ta da kwafinsu a ko'ina. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, tunda dai kwamfuta na ganinsa ai abin ya zo da sauƙi. Wannan maganar ita ce kuskurena na farko, a kanta sauran suka hau.

Na san ba a yi wa faifan da ke ɗauke da kaya fomat, wannan kam ko ɗan koyo ya sani. Sai na buɗe baƙin allon umarni na Windows na rubuta chkdsk, umarnin duba faifai da gyara tsarinsa, na ƙara masa /r don ya bi faifan gaba ɗaya, ina ji a raina na yi aikin gwani. Ya fara tafiya, ya yi sa'o'i, sannan ya liƙe wuri guda. Zuwa yamma faifan ya soma wani ƙas-ƙas a hankali, irin sautin da bai yi ba da safe. Ogana ya zo wucewa, ya kara kunne, ya dube ni ya ce, "Kai, ka duba lafiyarsa kafin ka ɗora masa wannan?" Ban duba ba. Shi ya tsayar da aikin, ya buɗe manhajar CrystalDiskInfo, ya nuna min layuka biyu cikin bayanan SMART, wato rahoton da faifai ke ajiyewa game da lafiyar kansa. Layi mai lamba 05 yana ƙirga guraben da suka mutu har faifan ya maye su da na ajiya, mai lamba C5 kuma yana ƙirga waɗanda ya kasa karantawa yana jiran ya ga makomarsu. Duka biyun sun yi nisa da sifili. Tun safe wannan rahoton yana nan, minti ɗaya zai ɗauke ni in karanta shi.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne chkdsk bai damu da fayilolin kowa ba. Aikinsa ya daidaita tsarin faifai ya zama babu karo da juna a cikinsa. Idan ya tarar da bayanin wani fayil ya rikice, yana iya yanke shi ya jefar, ko ya tattara guntayen cikin wata folda mai suna found.000 da sunaye irin su file0000.chk, ya ce ya gama gyara. Kuma duk wannan a kan faifan yake rubutawa, babu komawa baya. A faifai mai lafiya wanda aka fizge ana tsakiyar rubutu, sau da yawa yana magance matsalar cikin mintuna. A faifan da farantinsa, wato abin da ke juyawa a ciki ana rubuta bayanai a kansa, ya fara lalacewa kuwa, tilasta wa allurar karatu ta yi ta komawa kan miki ɗaya sau ba adadi, gyaran gangar Auzinawa ne kawai.

Daga ranar na daina yarda da kalmar "yana gani". Ƙarar da kwamfuta ke yi idan an saka faifai ba ta nufin komai face ɗan allon lantarkin da ke cikin kwanson ya amsa sallama. Wannan allon tafinta ne tsakanin USB da ainihin faifan da ke ciki, wanda galibi na SATA ne, wato irin mahaɗin da faifan cikin kwamfuta ke amfani da shi. Tafinta na iya amsawa alhali maigidan yana kwance. Bayan shi akwai faifan kansa, sai teburin da ke faɗin inda kowane ɓangare ya fara da inda ya ƙare, sai tsarin fayil, sannan izinin shiga ko makulli. Ko wanne ya samu matsala, mai faifai abu ɗaya zai ce maka: ana gani, ba a shiga.

Shi ya sa yanzu wurin da na fara leƙawa shi ne Disk Management, wato shafin Windows da ke jera duk faifan da aka jona, kuma girman faifan nake dubawa kafin komai. Faifan da aka rubuta 1TB a jikinsa zai nuna wajen 931GB, kuma wannan ba sata ba ce, masu ƙerawa na lissafi da 1000 ne, Windows kuma da 1024. In girman ya fito daidai, faifan yana magana, akwai abin yi. In ya nuna sifili, ko wani girma na banza da bai yi kama da nasa ba, matsalar ta wuce ta manhaja, kuma duk abin da zan girka ba zai amfana ba.

Akwai abubuwa masu arha da nake kawarwa da wuri. Waya na lalacewa fiye da yadda ake zato, musamman mai faffaɗan bakin nan ta ƙananan faifai. Wuta ma haka: kafar USB 2.0 milliamp 500 take bayarwa, ta USB 3.0 kuma 900, faifai mai faranti kuwa ya fi jan wuta a daidai lokacin da yake tayar da juyawa. In aka jona shi ta na'urar raba kafa wadda ba ta da wutar kanta, ko ta doguwar waya, sai ya tashi ya faɗi, ya tashi ya faɗi. Manyan faifai masu inci 3.5 su dole sai da adaftarsu ta volt 12. Abin da ke rikita mutum shi ne faifan da wuta ba ta ishe shi ba shi ma yana ƙas-ƙas, kusan irin na wanda allurarsa ta mutu. Don haka nakan ba shi dama ɗaya da wata waya a kafar da ke jikin kwamfuta kai tsaye. In ya ci gaba, na cire shi. Ba na ba shi dama ta uku.

Wasu kuma ba su da ciwon komai. Na taɓa ɓata rabin yini a kan faifan da kawai Windows ba ta ba shi harafi ba, irin C ko D ɗin nan da take kiran faifai da shi. Da na ba shi E, komai ya fito. Wani kuma an kwafe shi daga wani faifai ƙafa da ƙafa, lambar shaidarsu ta zama ɗaya, sai Windows ta ajiye ɗayan a kashe har sai an kunna shi da hannu. Wanda ya fi yawan zuwa shi ne faifan da ya fito daga wata irin kwamfuta. Mac na amfani da tsarin fayil na APFS ko HFS+, Linux galibi ext4, kuma Windows ba ta karanta ko ɗaya daga cikinsu da kanta. Maimakon ta ce ba ta iya yaren ba, sai ta yi shiru ko ta ba ka shawarar fomat. Tambaya ɗaya ke warware wannan: a wace kwamfuta aka yi amfani da shi na ƙarshe? Na koyi yin ta tun kafin in taɓa waya.

Saƙon da ke cewa an hana ka shiga shi ma ya kan tsorata mutane a banza. A NTFS, tsarin fayil na Windows, kowace folda tana riƙe da lambar asusun mai ita, ba sunansa ba. In ka sake girka Windows, ko da sunanka ɗaya ka saka, lambar ta canza, foldar ba ta san ka ba. Mai ikon gudanarwa zai iya karɓe mallakar ya buɗe. BitLocker, makullin sirrin da Windows ke sa wa faifai, daban ne: in babu kalmar sirri, sai makullin ceto mai lamba 48, kuma in shi ma babu, babu wata dabara tawa da za ta buɗe shi. Gara in faɗa wa mutum haka tun farko ya je ya binciki asusunsa na Microsoft ko takardar da ya buga, da in riƙe masa faifai mako guda ina ba shi fata.

Inda aikin yake da gaske shi ne idan faifai ya nuna RAW, ko ya nuna kamar fili ne da ba a taɓa rabawa ba. RAW na nufin Windows ta duba farkon ɓangaren ba ta gane tsarin da ke wurin ba. Sau da yawa fayilolin suna nan daram, abin da ke nuna hanyar zuwa gare su ne ya samu rauni. A nan Windows ke miƙo tayi biyu masu kama da taimako, fomat ko kuma shirya faifan kamar sabo, kuma duka biyun rubutu ne a kan daidai wurin da ake buƙata don ceto. Fomat mai sauri yana barin yawancin bayanan a ƙasa, ana iya tono su. Cikakken fomat kuwa, tun daga Windows Vista, sifili yake bi yana shafawa a kan komai.

Waɗanda suka tsara waɗannan abubuwa sun yi tanadi. NTFS na ajiye kwafin gurbinsa na farko a can ƙarshen ɓangaren, teburin GPT, wanda ke faɗin inda kowane ɓangare yake, shi ma yana da na biyu a ƙarshen faifai. Manhajar TestDisk, wadda Christophe Grenier ya rubuta kuma kyauta ce, ta san inda waɗannan suke, kuma tana iya nuna maka fayilolin ka kwashe su ba tare da ta rubuta komai ba. 'Yar uwarta PhotoRec ba ta bi ta kan tsari sam, tana bin faifan ne tana gane fayil daga yadda farkonsa yake. Tana ceto da yawa, amma babu suna babu folda, sai tarin dubban fayiloli masu lambobi, mai su ya zauna ya yi ta buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Kuma duk abin da aka ceto, wani faifan daban ake kai shi. Na ga wanda ya ceto hotuna yana zuba su a kan faifan da yake cetowa daga ciki, yana binne na gaba da na baya.

Amma ko TestDisk ba na sa wa faifan da rahoton lafiyarsa bai yi min ba. Abin da ogana ya koya min ran nan shi ne a fara ɗaukar kwafin faifan gaba ɗaya, gurbi bayan gurbi, zuwa wani faifai mai lafiya wanda ya kai shi girma ko ya fi shi. Da GNU ddrescue muke yi, a kan Linux. Hikimarsa ita ce ba ya tsayawa jayayya da wuri mai ciwo: yana kwashe duk mai sauƙin karantawa tukuna, yana tsallake inda ya yi tauri yana rubuta wurin a wani ɗan fayil na taswira, sai ya gama sannan ya dawo ya lallaɓa ragowar. In wuta ta ɗauke ko faifan ya suma, daga inda ya tsaya zai ci gaba. Bayan nan duk gwajin da za a yi, a kan kwafin ake yi. In chkdsk ya ɓata kwafi, sai a sake wani. Ainihin faifan yana aljihun tebur, ba wanda ya taɓa shi.

Wahalar wannan hanya ba ta fasaha ba ce. Tana cin kwanaki, tana buƙatar wani faifan, ga mai kaya yana leƙowa kowace sa'a yana tambaya ko an gama, kai kuma allonka ba ya nuna komai sai lambobi masu rarrafe. Umarni ɗaya mai sauri ya fi kama da aiki a idon mai kallo, kuma in na faɗi gaskiya, abin da ya ja ni ran nan ke nan. So nake ta ga na iya.

Ciro faifai daga kwansonsa a jona shi kai tsaye ta SATA yakan taimaka in ɗan allon ne ya mutu, amma ba kullum ba. Wasu ƙananan faifai an haɗe bakin USB ɗin da allonsu, babu SATA a ciki ko kaɗan. Wasu allon ne ke kulle bayanan da lambar sirri, in ka raba su sai ka ga shirme. Wasu kwansunan kuma suna gabatar da gurabe a matsayin masu bayit 4096 alhali faifan na 512 yake nunawa, da ka cire shi sai ya zama RAW, ka ɗauka ya lalace. Murfin ƙarfen da ke rufe farantin kuwa ba na buɗe shi. Tazarar da ke tsakanin allura da faranti ta fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba, aikin masu ɗaki na musamman ne. Shawarar sa faifai a firiza da ke yawo a intanet ma ban taɓa bi ba. Raɓar da za ta taru a kansa ta ishe ni dalili.

Yanzu duk wanda ya kawo min irin wannan, nakan tambaye shi wanne yake so, faifan ko abin da ke cikinsa. In yana da kwafi a wani wuri, minti biyu ne: a duba lafiyarsa, a yi fomat, in zai yi yawo tsakanin Windows da Mac a sa masa tsarin fayil na exFAT, tunda tsohon tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya kai 4GB. In ba shi da kwafi, to ba gyara muke ba, kwashe kaya muke daga gidan da ke rushewa.

Faifan abokiyar aikin nan kwana uku ddrescue ya yi a kansa. Takardun aikinta kusan duka sun fito. Hotuna kuwa da yawa sun buɗe rabi, sama hoto ƙasa toka-toka, wasu foldoji biyu kuma ba mu same su ba ko a found.000. Da na miƙa mata abin da ya samu, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Malam, da ba a sa masa wancan abin na farko ba, da sun fito?" Na ce mata faifan ya riga ya fara mutuwa kafin ya zo hannuna, amma sa'o'in da na sa shi yana wahala ni na jawo su, kuma da na fara da kwafi da an samu fiye da haka. Ta ce Allah ya kiyaye gaba, ta tambaye ni faifai nawa ya kamata ta saya. Na ce biyu, kuma kada ta ajiye su a jaka ɗaya.