Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Zoben da ke Aljihun Kawu

Makon jiya na tsaya a inda zazzaɓi ya sake ni, Kawu ya ce zaman ɗaki ya isa haka. To, ranar wata Asabar cikin Janairu, hunturu ya kankama, ya tashe ni bayan sallar asuba. Muka sha koko da ƙosai a bakin titin unguwar Nima da ke Accra, babban birnin Ghana, muka hau motar haya da ake kira trotro, muka bi ta Teshie da Nungua har Sakumono, dab da Tema. Hazo ya rufe teku, ba ka gane inda ruwa ya ƙare sama ta fara. Leɓena duk ya tsage.

Teku na hannun dama, tafkin Sakumono na hagu, titi da layin dogo a tsakani. Kawu ya zaro tsohon madubin hangen nesa daga jakarsa ya rataya min a wuya. “Ɗana, kar ka yi magana, kar ka nuna da hannu. Duba kawai.”

Da farko balbela kaɗai na gane, sai wani zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya. Can idona ya saba. Ashe abin da na ɗauka tsakuwa ce a kan taɓo, tsuntsaye ne ƙanana masu ruwan toka, suna ta caka baki cikin laka. Kusa da su wasu masu dogayen ƙafafu jajaye siriri kamar tsinke. Amma wanda ya tafi da hankalina wani baƙin zalɓe ne. Sai ya tako a hankali, ya buɗe fikafikansa ya kife su kan ruwa kamar laima, kansa a ciki. Ƙananan kifaye su taru a inuwar, shi kuwa ya cafke. Na ƙirga sau tara yana yi, ban gaji ba.

Kawu ya ce yawancin ƙananan nan baƙi ne. Sanyin Turai ke koro su, su biyo gaɓar teku su yi watanni a nan, wajen Maris ko Afrilu su juya. Saboda su aka sa Sakumono da bakin kogin Densu cikin dausayin da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Ramsar ke karewa a 1992. Duk da haka gine-gine na ta cin gefen tafkin, kuma har yau abin yana ci min rai.

Da rana ta ɗaga muka tsallaka bakin teku, inda fararen tsuntsaye masu rababbiyar wutsiya ke faɗawa ruwa da ka. Nan Kawu ya yi shiru, ya ciro wani ɗan zoben ƙarfe, irin wanda masu bincike ke sa wa tsuntsu a ƙafa, daga aljihu ya ɗora min a tafin hannu. Bai kai ƙwayar wake nauyi ba. Da ƙyar na karanta lambobin, da kalmar London.

“Ina yaro muka kama mai shi,” in ji shi. “Zarge muke ɗanawa a yashi, mu sa ɗan kifi. Ba don yunwa ba, wasa ne kawai. Sai da su Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu suka fara aikin ceton tsuntsayen gaɓa a shekarun 1980 na san nisan da wannan ƙafar ta taso.”

Na miƙa masa zoben, ya ture hannuna. “Riƙe. Ni na daɗe da shi.”

Yadda Inna ta tsinci zoben nan a aljihun wandona ranar wanki, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.