Doki ya wuce, keke ya tsaya

Allo ne ɗan ƙarami da aka kafa a gefen hanya, da hoton keke an ja masa jan layi. Ba mu fi kilomita uku daga inda muka ajiye mota ba, ina ta haki saboda tsayin wurin, sai ga allon nan yana gaya mini iyakata ke nan. Abokin tafiyata, wani Ba'amurke da muke aiki tare a Boise, babban birnin jihar Idaho, ya sauka daga kekensa ya nuna mini wani tudu. Ya ce bayan tudun nan ne wani kwari da ake kira Ants Basin yake, ya bi hanyarsa a kan keke sau ba adadi, amma tun watan Agusta na 2015 duk wanda ya shigar da taya wurin ya karya doka. Muna tsaye sai ga mutum biyu a kan dawaki, da alfadari a bayansu ɗauke da kaya. Suka gaishe mu, suka wuce allon ko kallonsa ba su yi ba, kofatai na tona ƙasa.

Raina ya ɓaci. Ni a Zariya na tashi, a kan tsohon Raleigh ɗin Baba na koyi tuƙi, ƙafa ta cikin firam saboda ban kai sirdi ba. A wajenmu babu abin hawa mai ladabin keke: ba hayaƙi, ba ƙara, ba ya neman mai. Kofato kuwa na san aikinsa, domin na ga yadda burtali ke komawa kwazazzabo bayan 'yan damuna. Da na kira gida na ba Baba labari, sai ya yi dariya ya ce, "To kai da ka je baƙunta, kai za ka koya musu dokar dajinsu?" Na ce, "Baba, ku duba fa, doki ya shiga, keke a hana shi." Ya ce, "Ka tambayi dalili tukuna, kafin ka fara faɗa a gidan mutane."

Na tambaya. Dokar ta samo asali ne ranar 3 ga Satumba 1964, lokacin da Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar keɓe dazuzzukan da za a bari yadda Allah ya yi su. An fara da eka miliyan 9.1, yau sun haura miliyan 111. A cikinsu ba a yin titi, ba mota, ba jirgin ruwa mai inji, kuma dokar ta ƙara da cewa ba wani nau'in sufuri na na'ura. Wannan 'yar jimlar ce tushen rigimar. Lokacin da aka rubuta ta babu keken hawan dutse a duniya, sai a shekarun 1970 wasu samari a gundumar Marin ta Kalifoniya suka fara gangarowa daga tsaunuka da tsofaffin kekuna. A 1966 ma hukumar gandun dajin Amurka ta fassara na'ura da abin da ƙarfin da ba na mai rai ba ke turawa, wanda ke nufin ƙafar mutum ba ta ciki. Sai a 1984 ta rufe ƙofa gaba ɗaya. Masu keke na riƙe da fassarar farko, masu kare daji na cewa sarƙa da giya da taya ai na'ura ce ko makaho ya shafa. Sanata Mike Lee ya kai ƙuduri a 2016, ɗan majalisa Tom McClintock ya kai nasa a 2017, duka don a bar jami'an kowane daji su yanke hukunci da kansu. Ba wanda ya zama doka. Abin da ya ba ni mamaki, babbar ƙungiyar masu keken dutse, IMBA, ba ta goyi bayan na McClintock ba.

Duk wannan bai sauya mini ra'ayi ba. Abin da ya fara girgiza ni ya faru ne a Fisher Creek, wata hanya kusa da garin Stanley da aka halatta wa keke, zagaye ne na kusan kilomita 30. Hawan akwai wuya, amma gangaren, wallahi ban taɓa jin daɗin keke irin na ranar ba. Hanya siririya, iska na dukan fuska, hannu biyu a kan birki amma zuciya na cewa saki. Na saki. Ina shan wata kwana sai ga doki a gabana, wata dattijuwa a kai. Na danne birki, tayar baya ta ja ƙasa, dokin ya zabura ya ɗaga ƙafafun gaba. Allah ya kiyaye matar ta iya hawa, ta riƙe linzami har ya lafa. Na tsaya baki ya mutu. Ba ta zage ni ba, ta ce kawai in yi magana, in ce ko mene ne, don dokin ya gane mutum ne. Daga baya aka koya mini ƙa'idar: mai keke ne ke ba kowa hanya, idan ka haɗu da doki ka sauka ka koma gefen gangare, domin abin da ke sama da doki kamar mai farautarsa yake ganinsa.

A hanyar komawa na riƙa lissafi. Zagayen da na gama kafin azahar, mai tafiya a ƙasa da jaka a baya yini guda zai yi, wataƙila har da kwana. Kuma da za a tambaye ni me na gani a gangaren nan, amsar ita ce ƙasar da ke gaban tayata. Ko itace ɗaya ban kalla ba.

Da bazara ta zagayo na shiga ayarin masu aikin sa-kai da ke gyaran hanyoyi a dajin Sawtooth, wanda aka keɓe tun 1972. Nan na ga dokar ba masu keke kaɗai ta matsa wa ba. Itacen da ya faɗi ya tare hanya ba a yanka shi da zarton inji. Zarto ne dogo mai mariƙi biyu, kai ka ja, abokinka ya ja, kuma ba a turawa, ja kawai ake yi, in ka tura ya lanƙwashe. Gungumen da inji zai gama a minti biyu mun ɗauki kusan awa muna fama da shi. Gatari da diga da shebur a kafaɗa muka shigo da su, kayan abinci alfadarai suka kawo. Baro ma haramun ne, saboda yana da taya. Duwatsun da muka jera don karkatar da ruwan sama da hannu muka ɗauko, ɗaya bayan ɗaya. A nan kam har yau ina ganin an yi tsauri, kuma bayana shaida ne. Taya ɗaya da aka yarda da ita ita ce ta keken guragu, wadda dokar kare haƙƙin naƙasassu ta 1990 ta tabbatar.

Amma a rana ta uku, ina zaune a kan gungume ina cin gyaɗa, na lura da abin da kunnena ya rasa. Ba wanda ke ce mini in kauce. Duk wanda ya zo wucewa, na hango shi tun daga nesa, ya iso da saurin da zan iya gaishe shi ya amsa. Jagorar ayarinmu, wadda ta haura sittin, ta ce mini ita ba ta taɓa cewa keke ya fi doki ɓata ƙasa ba, ta gyara ɓarnar kofato da hannunta ta sani. Abin da take karewa shi ne nisa. Idan tsakiyar daji ta zama wurin da ake zuwa a dawo kafin la'asar, to dajin ya ƙanƙance ko da ba a sare reshe ɗaya ba.

A kan wannan na tsaya yanzu: dazuzzukan da aka riga aka keɓe, a bar su ba keke. Hanyoyin da aka halatta mana suna da yawa, ban ma bi rabin na kusa da Boise ba. Inda nake ganin an cuci mutane shi ne wajen sabuwar keɓewa. Dokar da Shugaba Obama ya sa wa hannu a 2015, wadda ɗan majalisa Mike Simpson ya yi shekaru yana nema, ta keɓe kusan eka 275,000, ta kuma haɗiye Ants Basin da Castle Divide, hanyoyin da masu keke suka daɗe suna bi. Alhali masu zana iyakar sun bar hanyar tafkin Fourth of July zuwa tafkin Washington a waje, shi ya sa ma muka iya isa allon nan da keke. Ashe in an so, ana iya lanƙwasa layi.

Na koma wurin daga baya tare da abokin nawa. Na jingine keke a bakin tafki na ce mu ƙarasa da ƙafa. Ya ce in je, zai tsare mini keke. Hawan ya kai ni kusan mita 3,000 sama da teku, ina tsayawa duk bayan 'yan taku, har kwarin ya buɗe a gabana da fararen duwatsun da suka sa ake kiran yankin White Clouds, wato fararen gizagizai. Na daɗe a zaune. Da na sauko na same shi inda na bar shi, yana jifan ruwa da tsakuwa. Bai tambaye ni ko wurin ya yi kyau ba. Ya ce, "Wancan dutsen da ke tsakiyar kwana ta biyu in ka fara gangarawa, yana nan?"