Sana'armu ta auna iska a Kano

Ni dai sana'ata auna iska ce, iskar waje wadda mutane ke shaƙa a bakin titi da cikin unguwa da kewayen masana'antu. Kamfanin ƙarami ne, ni da wasu matasa da suka karanta kimiyya, kayan aikin namu kaf bayan mota ɗaya ke ɗauke su. Masu kiranmu yawanci masu masana'antu ne na Sharaɗa da Challawa da Bompai, sai masu fasa dutse da masu injinan casar shinkafa da 'yan kwangilar titi. Kuma gaskiya doka ce ke sa mafi yawansu su neme mu, don tun 1992 akwai dokar da ta ce babban aiki ba zai fara ba sai an duba illar da zai yi wa muhalli, sannan ga NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da aka kafa a 2007 tana neman rahoto daga masana'antu lokaci lokaci.

Abu biyu muke bi, ƙura da gas. Ƙurar ma kala biyu ce, akwai PM10 mai ɗan girma, akwai PM2.5 wadda ita ce mugunyar, silin gashin mutum ya fi ta kauri kusan sau 30, hanci ba ya tare ta, tana wucewa har can ƙarshen huhu wata ma ta shiga jini. Muna da na'urar hannu da ke zuƙo iska ta haska ta da wani siririn haske ta ƙirga ƙwayoyin nan take ka ga lamba a fuskarta. Tana da daɗin aiki amma ni ban cika sakin jiki da ita ita kaɗai ba, saboda da damina idan iska ta jiƙe ƙwayoyin suna shan laima su kumbura sai ta ba ka lamba sama da gaskiya. Wadda na fi yarda da ita ita ce mai famfo da filta. Ana auna nauyin filtar a ɗakin gwaji kafin a fita, a kafa na'urar a kan ƙafafunta ta yi ta jan iska lita 16.7 duk minti har awa 24, wato wajen kubik mita 24 kenan, a cire filtar da hantsaki a rufe ta a mayar a sake ɗora ta a sikeli, bambancin nauyin shi ne ƙurar. Filtar da ta fita fara tas wani lokaci sai ta dawo ja, wani lokaci baƙa, kuma kalar kanta tana gaya maka labari, ja ƙasa ce, baƙi hayaƙi ne na dizal ko taya ko itace.

Gas kuwa akwai ƙaramar na'ura mai kawuna, kowane kai da abin da yake ji, CO na janareto da salansar mota, NO2 na hayaƙin motoci da injuna, SO2 mai fitowa daga farar wutar da ke cikin mai, da H2S mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wanda duk wanda ya bi ta wajen masu jima ya san shi. Kawunan nan ba sa daɗewa, shekara biyu haka sun fara gajiya, ga zafin Afrilu yana ƙara kashe su, kuma dole a riƙa saita su da gas na musamman da aka san adadinsa, shi kuma daga waje ake kawo shi da dala. Nan ne ribar take tafiya wallahi. Amma na'urar da ba a saita ba lamba za ta yi ta ba ka tana ƙarya ba tare da ka sani ba.

Abin da ya fi ci min rai a harkar nan shi ne awon minti goma. Mutum ya zo ya tsaya a bakin get ya ɗaga na'ura sama, ya rubuta lamba, ya shiga mota, gobe rahoto ya fito da hatimi. Alhali ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 na awa 24 ne, PM2.5 kada ya wuce maikirogiram 15 a kubik mita ɗaya, PM10 kuma 45, to ta ina za ka gwada minti goma da wuni da kwana? Iskar ƙarfe shida na safe daban take da ta azahar, da sassafe da bayan magariba hayaƙi yana kwantawa ƙasa ƙasa don iska ba ta tashi, lokacin ne kuma ake hura wuta ake ƙona shara ake tada janareto. Idan da rana tsaka kaɗai ka auna to ka zaɓi lokacin da ya fi kyau ne kawai.

Sai kuma hunturu. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris hazo yana tasowa daga hamada, da yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, a ranar da ya sauka sosai ko a tsakiyar gona ka kafa na'ura lambar za ta haura ma'auni nesa ba kusa ba. Mai masana'anta zai ce maka ai Malam ba ni ba ne, hazo ne, kuma wani lokaci yana da gaskiya. Shi ya sa muke kafawa a wuri biyu, ɗaya ta inda iska ke zuwa kafin ta ratsa masana'antar, ɗaya ta inda take fita, muna rubuta inda iskar ta dosa da ƙarfinta, tsayin bakin na'urar kuma daidai hancin mutum, nesa da bango da bishiya. Abin da ya ƙaru tsakanin biyun shi ne na masana'antar.

Akwai wani manaja da ya ce mu zo ran Juma'a, na tambaya aka ce ranar ba sa kunna injin. Na ce ranka ya daɗe zan zo, amma zan rubuta a rahoto cewa injin a kashe yake. Bai sake kira ba. Na ji zafin rasa kuɗin don albashin yara na jirana, amma bayan katangar wurin gidaje ne da makarantar allo.

Mutanen unguwa kuwa da farko ɗauka suke masu auna fili ne ko 'yan haraji, don haka wajen mai unguwa muke fara zuwa, shi ke ba mu wanda zai kwana yana gadin kaya da batir. Da sun gane aikin sai ka ga iyaye mata suna aiko yara, wata ta ce ɗana ku zo ku auna ta wajenmu, tari ya ƙi barin jikokina. Irin wannan aikin babu mai biya. Abin da nake iya yi shi ne in rataya musu 'yan ƙananan bututu masu arha da ke tsotse NO2 daga iska a jikin falwaya, su yi sati biyu zuwa huɗu, in haɗa su da kayan wani aikin in aika ɗakin gwaji, idan sakamako ya dawo in kai wa mai unguwa kwafi a rubuce da Hausa, ɗaya kuma in ba su su kai ma'aikatar muhalli ta jiha.